Karya a Gida: A Bar Ta Ta Haihu, a Yi Mata Tiyata, ko a Tsare Ta?

Wanda ya ɗauki 'yar kwikwiyo mace yana da watanni kaɗan kafin wannan tambaya ta iso masa. Ƙananan karnuka sukan fara neman namiji tun suna wata shida, manya kuwa sukan kai wata 12 zuwa 18, wasu har shekara biyu. Daga nan abin zai riƙa dawowa kusan duk bayan wata shida ko bakwai, in ban da irin Basenji da ke yi sau ɗaya a shekara, kuma ba ya tsayawa don tsufa. Karya mai shekara goma tana iya ɗaukar ciki.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai ita. Ko ya bar ta ta haihu bisa shiri, ko ya kai ta likitan dabbobi a cire mata mahaifa da gidan ƙwai, ko ya bar ta yadda take ya riƙa tsare ta duk lokacin barbara, ko ya nemi allurar da ke danne neman namiji. A ganinmu, ga karyar da aka ajiye don gadi ko don zaman gida, tiyata ce ta fi, muddin an zaɓi lokacinta da kyau. Kiwo aiki ne babba da ya dace da mutane kaɗan. Allura kuwa ita ce mafi haɗari, duk da cewa ita ce ta fi kama da sauƙi. Dalilan suna cikin yadda jikin karya yake aiki, don haka daga nan ya kamata a fara.

Abin da ke faruwa a jikinta

Zagayen yana farawa da kumburin farji da ɗigar jini, kimanin kwana tara, ko da yake wata takan yi uku wata ta yi fiye da mako biyu. A wannan lokaci mazan karnuka suna binta amma tana korarsu. Sai jinin ya ragu, launinsa ya koma fatsi-fatsi, ta fara tsayawa tana kawar da wutsiya gefe. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, su ga jini ya tsaya su ɗauka an gama su sake ta, alhali a daidai lokacin ne take karɓar namiji, kuma wannan ma kimanin kwana tara ne.

Bayan haka, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, sinadarin frojestaron, wanda gidan ƙwai ke fitarwa don riƙe ciki, yana zama da yawa a jininta har kusan wata biyu. Shi ke kaurara bangon mahaifa, ya rufe bakinta, ya rage ƙarfin garkuwar jiki a wurin. Idan ƙwayoyin cuta sun samu shiga lokacin da bakin mahaifa yake buɗe, kuma galibi irin waɗanda ke cikin kashi ne, sai su tarar da wuri mai ɗumi a rufe su hayayyafa. Mahaifa ta cika da mugunya. Likitoci suna kiran wannan cuta payometira, kuma ita ce babban dalilin da ya sa muke cewa tiyata ta fi. Binciken da aka yi a kan bayanan inshorar karnuka a Suwidin ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na karyar da ba a yi wa tiyata ba takan kamu da ita kafin ta cika shekara goma.

Alamunta suna bayyana mako huɗu zuwa takwas bayan ta gama neman namiji: yawan shan ruwa da yawan fitsari, kasala, ƙin abinci, amai, wani lokaci kumburin ciki. Idan bakin mahaifa a buɗe yake, za a ga mugunya mai wari tana fita, wannan ma da sauƙi tunda an gani. Idan a rufe yake, babu abin da ke fita, guba tana shiga jini tana lalata ƙoda, mahaifar tana iya fashewa a ciki. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne cire mahaifar, wato tiyatar da aka guje wa tun farko, sai dai yanzu ana yin ta cikin gaggawa a jikin dabba mai shekaru da ba ta da lafiya. Haihuwa ba ta kare karya daga wannan cuta, domin kowane sabon zagaye yana dawo da haɗarin.

Dalili na biyu shi ne ƙari, wato ƙullutun da ke fitowa a nono. Kusan rabin irin wannan ƙari a karnuka ciwon daji ne. Wani sanannen bincike na 1969 ya gano cewa karyar da aka yi wa tiyata kafin zagayen farko haɗarinta bai kai kashi 1 bisa ɗari na wadda aka bari ba, bayan zagaye ɗaya ya zama kashi 8, bayan biyu kashi 26. A 2012 masu bincike a Ingila sun sake duba hujjojin suka ce ba su da ƙarfin da aka daɗe ana ba su. Don haka kariyar nono dalili ne da za a sa a ma'auni, amma bai kai ƙarfin na mahaifa ba, inda babu gardama: abin da aka cire ba ya ruɓewa.

Idan an zaɓi kiwo

Maganar da ake yi cewa karya tana buƙatar haihuwa ko sau ɗaya don lafiyarta ko don ta natsu ba ta da tushe. Dalili mai kyau na kiwo ɗaya ne: karyar tana da lafiya da hali da ake so a samu a 'ya'yanta, kuma akwai mutanen da aka tabbata za su karɓe su su riƙe.

Shiri yana farawa watanni kafin barbara. Ba a haɗa karya a zagayen farko, domin ita kanta ba ta gama girma ba. Ga manyan iri, a jira ta kai kusan shekara biyu. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ba ta rajistar 'ya'yan karyar da aka haɗa kafin ta cika shekara ɗaya, ko wadda ta wuce shekara takwas, ko wadda ta riga ta haihu sau huɗu, ko aka yi mata tiyatar haihuwa sau biyu. Waɗannan iyakoki ne masu kyau ga kowa. A manyan iri kamar Jaman Shefad, Rotwaila da Labrado, ana ɗaukar hoton ƙashin ƙugu da gwiwar hannu na uwa da uba, saboda rashin zaman gaɓar ƙugu daidai gado ne, kuma kare yana iya ɗauke da shi yana gudu lafiya lau yana ƙarami, sai ya kai shekara biyar ya fara ɗingishi. A guji haɗa uba da 'ya ko 'yan ciki ɗaya. Kare mai tsoro ko mai cizo babu dalili bai kamata ya bar zuriya ba, kome kyansa.

Akwai cututtuka biyu da barbara ke yaɗawa. Ɗaya burusela ce ta karnuka, wadda ke sa ɓari wajen kwana 45 zuwa 55 na ciki, tana hana haihuwa, tana da wuyar warkewa, kuma mutum yana iya kamuwa idan ya taɓa abin ɓarin da hannu tsirara. Gwajin jini kafin haɗawa shi ne kariya. Ta biyu wani ƙari ne da ke fitowa a al'aura, ja mai saurin zubar da jini, wanda ƙwayoyinsa da kansu ke tsallakawa daga kare zuwa kare. Yana jin maganin binkiristin da ake yi ta jijiya mako-mako, galibi sau huɗu zuwa shida, amma ya fi yawa a inda karnuka ke yawo sakaka. Lokacin barbara kuma, idan suka ɗaure, abin yana ɗaukar minti biyar zuwa talatin. Kada a ja su, kada a doke su ko a watsa musu ruwa. Hakan yana ji wa duka biyun rauni, kuma bai hana ciki.

Ciki kwana 63 ne daga fitar ƙwai, amma idan aka ƙirga daga ranar barbara haihuwa tana iya zuwa tsakanin kwana 58 da 68, saboda maniyyin kare yana rayuwa kwanaki a jikinta. Hoton ciki yana nuna ciki daga kwana 25 zuwa 30. Hoton ƙashi wajen kwana 55 yana ba da damar ƙirga kawuna, kuma sanin adadin yana da amfani sosai a daren haihuwa, don a san ko ta gama ko saura. Ba a ƙara mata abinci a makonni biyar na farko. Daga mako na shida ake ƙarawa sannu a hankali har ya kai ƙarin rubu'i zuwa rabi, a raba shi kashi uku ko huɗu a rana tunda ciki ya matse tumbi. Kada a ba ta ƙarin kalsiyam lokacin ciki. Jiki yana sabawa da samunsa a sauƙaƙe, ya daina zaro shi daga ƙashi, sai bayan haihuwa nono ya janye shi gaba ɗaya ta faɗi.

A makon ƙarshe a riƙa auna zafin jikinta ta dubura safe da yamma. Na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne. Idan ya sauko kusa da 37, naƙuda tana zuwa cikin awa 24. Matakin farko, na haki da tonon shimfiɗa da ƙin abinci, yana ɗaukar awa shida zuwa goma sha biyu. Daga nan 'ya'ya suna fitowa kusan duk bayan rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma fitowa da ƙafafun baya ba matsala ba ce a karnuka. Abubuwan da ke nufin a tafi wurin likita nan take su ne: nishi mai ƙarfi na minti 20 zuwa 30 babu abin da ya fito, ko fiye da awa biyu zuwa huɗu tsakanin ɗa da ɗa alhali an san akwai saura, ko ruwa kore ya fito kafin ɗan farko, wanda ke nuna mabiyiya ta rabu kuma ɗan yana rasa iska. Muna roƙon masu kiwo kada su yi allurar ƙara naƙuda da kansu. Idan ɗa ya toshe hanya, allurar tana iya yaga mahaifa.

Wasu iri kusan ba sa haihuwa da kansu. Wani bincike a Birtaniya a 2010 ya nuna fiye da kashi 80 bisa ɗari na haihuwar Buldog na Ingila da na Faransa ta tiyata ce, saboda girman kai da ƙarancin ƙugu. Ciki mai ɗa ɗaya tak ma yana da haɗari a kowane iri, domin ɗan yana girma fiye da kima.

Idan uwa ba ta yaga jakar da ɗa ya fito a ciki ba cikin minti ɗaya, mutum ya yaga, ya share hanci da baki, ya goge shi da tawul da ɗan ƙarfi har ya yi kuka, ya ɗaure cibiya da zare mai tsabta kamar santimita biyu zuwa uku daga ciki ya yanke. A ƙirga mabiyiya, kowane ɗa da tasa. Wadda ta maƙale tana jawo ciwon mahaifa da zazzaɓi. Dakashi dole ne kowane ɗa ya sha a ranar farko, domin bayan awa 24 hanjinsa ba ya ƙara karɓar garkuwar da ke ciki. Jarirai ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, suna buƙatar wuri mai digiri 29 zuwa 32 a makon farko. A auna nauyinsu kullum. Ya kamata ya ninka cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma wanda bai ƙaru ba kwana biyu a jere yana cikin haɗari. Idan uwa ta mutu ko nono ya ƙi, za a shayar da su da madarar da aka haɗa don kwiyakwiyai duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, suna kwance a kan ciki, a kuma shafa musu gaba da auduga mai ɗumi don su yi fitsari da kashi. Madarar shanu ba ta wadatar da su, tana kuma sa su zawo.

Ita uwar tana cin ninki biyu zuwa uku na abincinta lokacin shayarwa. A makonni biyu zuwa huɗu na farko, musamman ƙaramar karya mai 'ya'ya da yawa, idan aka ga haki, rawar jiki, ƙafafu sun sandare, jiki ya yi zafi, to kalsiyam ne ya faɗi, kuma ba tare da allura ta jijiya ba tana iya mutuwa cikin awoyi. Nono mai tauri, ja, mai zafi kuma alamar ciwon hantsa ne.

Sauran aikin lissafi ne: maganin tsutsar ciki daga mako biyu, a maimaita duk bayan mako biyu har mako takwas, tare da uwar, fara abinci mai laushi a mako uku zuwa huɗu, rigakafin cututtukan karnuka na farbo da distamfa daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako biyu zuwa huɗu har mako 16, rigakafin haukan kare a mako 12. Ba a raba ɗa da uwa kafin mako takwas. Babbar karya tana iya haifar takwas ko goma, kuma duk wannan a kan kowanne ɗaya za a yi.

Idan an zaɓi tiyata

Iri biyu ne. Ko a cire gidan ƙwai da mahaifa tare, ko a cire gidan ƙwai kawai. A karya matashiya mai lafiyar mahaifa sakamakon ɗaya ne, tunda babu gidan ƙwai babu frojestaron, babu frojestaron kuwa mahaifa ba ta tara mugunya. Abin da ba a so shi ne a bar ɗan guntun gidan ƙwai a ciki, domin zai ci gaba da aiki, ta dawo neman namiji bayan watanni, kututturen mahaifar ma yana iya ruɓewa.

Ana yin aikin ne da maganin sa barci gaba ɗaya, bayan an hana ta abinci na awoyin da likita ya faɗa. Wani babban bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2008 ya samu cewa kusan kare ɗaya cikin 2,000 masu lafiya ne ke mutuwa sanadiyyar maganin barci, adadin kuma yana hawa sosai a marasa lafiya. Irin Dobaman yana da cutar gado ta rashin daskarewar jini, a gwada kafin a yanka. Bayan tiyata, kwana 10 zuwa 14 babu gudu, babu tsalle, babu wanka, a sa mata abin wuya mai siffar mazurari don kada ta lashe ɗinkin. Yawancin ɗinkin da ke buɗewa lasa ce ko tsalle ke buɗe shi. Dasashi fari, sanyin jiki da kumburin ciki a ranar farko alamar zubar jini ne a ciki, a koma nan take. Kada a ba ta maganin ciwon jiki na mutane irin ibufurofen ko diklofenak, suna ƙona tumbin kare su lalata ƙoda.

Tiyata tana da nata farashin a jiki, kuma bai kamata a ɓoye ba. Buƙatar abinci tana raguwa da kusan rubu'i, sha'awar ci kuma tana ƙaruwa. Wanda bai rage awo ba zai ga karyarsa ta yi ƙiba cikin watanni; ma'auni mai sauƙi shi ne a iya jin haƙarƙari da tafin hannu ba tare da an danna ba. Sai yoyon fitsari lokacin barci, wanda bincike daban-daban suka sa tsakanin kashi 3 zuwa 20 bisa ɗari, ya fi yawa a manyan iri, yana iya bayyana shekaru bayan aikin, amma galibi yana jin magani na kullum.

Abu mafi muhimmanci shi ne lokaci. Sinadaran jinsi ne ke umartar ƙasusuwa su daina tsawo. Idan aka cire su da wuri, ƙafafu suna ɗan zarce tsawonsu, zaman gaɓoɓi ya canja. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun nuna a 2013 cewa a irin Goldin Ritiriba, yin aikin kafin shekara ɗaya yana ƙara matsalar ƙugu da tsinkewar jijiyar gwiwa. Sun samu irin haka a Jaman Shefad, sannan a 2020 suka duba iri 35 suka ga ƙananan karnuka kusan ba su da wannan matsala. A Rotwaila kuma an danganta tiyata kafin shekara ɗaya da ƙaruwar dajin ƙashi. Saboda haka amsar ta rabu bisa nauyi. Karyar da ba za ta wuce kilo 20 ba idan ta girma, a yi mata wajen wata biyar zuwa shida, kafin zagayen farko. Wadda za ta wuce haka, mu dai mun fi son a bar ta ta gama girma, wata 12 zuwa 18 gwargwadon irinta, ko da hakan na nufin zagaye ɗaya zai wuce. Amma wannan shawara tana da sharaɗi: mai ita zai iya tsare ta a wannan zagaye. Idan ba zai iya ba, tiyata da wuri ta fi ciki a jikin da bai gama girma ba.

Kada a yi aikin tana cikin neman namiji in ba dole ba, domin jijiyoyin mahaifa sun kumbura, jini ya fi zuba. A jira kamar wata uku bayan ta gama. Wasu karnuka suna yin cikin ƙarya mako shida zuwa goma sha biyu bayan zagaye, nono ya kawo ruwa, su tara tsumma suna gadi. Yana wucewa da kansa cikin mako biyu zuwa uku idan ba a tatsa ba, kuma tiyata a tsakiyarsa tana iya sa ya daɗe.

Tsarewa da allura

Barin karya yadda take ba tare da haihuwa ba abu ne mai yiwuwa. A Norwe doka ba ta yarda a yi wa kare irin wannan tiyata ba sai da dalili na lafiya ko walwalarsa, kuma masu karnuka a can suna riƙe su haka, saboda karnuka ba sa yawo sakaka kuma likita yana kusa. Wanda zai bi wannan hanya ya tsare ta mako uku zuwa huɗu daga ranar farko ta jini, a ɗaki mai ƙofa ko keji mai rufi da daɓe. Ɗaure ta da sarƙa a fili ba tsaro ba ne, hana ta gudu kawai aka yi, namiji zai zo ya same ta. Maza suna haura katanga, suna tona ƙarƙashin shinge, ita ma tana neman fita. Sannan ya rubuta ranakun kowane zagaye, ya sa ido sosai wata biyu bayansa, ya riƙa laluben nonuwanta duk wata don jin ƙullutu. Wannan hanya ta fi kyau a matsayin gada zuwa lokacin tiyata. A matsayin tsari na har abada, haɗarin mahaifa yana nan yana ƙaruwa da shekaru.

Allurar danne zagaye kuwa, irin Depo-Provera ta mutane da makamantanta na dabbobi, frojestaron ce ta roba, wato sinadarin da ke haddasa payometira shi ake ƙara mata da yawa na tsawon watanni. Maimaita ta yana jawo mugunyar mahaifa, ƙari a nono da ciwon sukari. Idan aka yi ta ga mai ciki, naƙuda tana iya ƙin zuwa 'ya'ya su mutu a ciki. Tsohuwar allurar istirojin da ake yi bayan barbarar kuskure ma an bar ta, don tana iya kashe ɓargo. Idan kuskure ya faru, zaɓi mai aminci biyu ne: a yi tiyata cikin makonnin farko, ko likita ya yi allurar zubar da ciki ta Alizin sau biyu da tazarar awa 24, kafin ciki ya wuce kwana 45, a sake duba ta da hoto don tabbatarwa.

Namiji fa?

A namiji lissafin ya fi sassauci, domin babu cuta mai kisa da ke jiransa kamar yadda payometira ke jiran mace. Fiɗiya tana rage yawo don neman mace sosai, tana rage fitsarin alama da faɗa da sauran maza, tana kawar da dajin maraina, tana kuma hana kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda ke samun yawancin mazan da suka manyanta. Ba ta hana dajin furostet. Ba ta gyara karen da ke cizo don tsoro, wani lokaci ma tana ƙara masa fargaba, kuma ba ta cire masa gadi, wanda ya dogara da iri da horo. Namijin da ke tsare a gida, mai natsuwa, ana iya barinsa. Wanda ke tsallake katanga, ko yake gida ɗaya da karya, a fiɗiye shi bayan ya gama girma, a kuma raba su mako huɗu zuwa shida bayan aikin, don sauran maniyyi yana iya ba da ciki.

Wanda babu zaɓi a kansa shi ne karen da ɗaya ko duka marainansa ba su sauko ba har ya wuce wata shida. Wanda ya maƙale a ciki ya fi na waje saurin zama ƙari kusan sau goma, kuma matsalar gado ce. Ga mai son ya gwada kafin ya yanke shawara, akwai ɗan ƙwayar Suprelorin da ake sakawa ƙarƙashin fata, mai aiki wata shida ko goma sha biyu. Tana ɗaukar kusan mako shida kafin ta hana haihuwa, kuma a makonnin farko halin namiji yakan ɗan ƙaru kafin ya kwanta.

Lafiyar mutanen gida

Karya mai neman namiji tana tara karnukan da ba a san lafiyarsu ba a ƙofar gida, suna faɗa, kuma mutumin da ya shiga raba su da hannu shi ake cizo. Karya mai jego, ko wadda ba ta taɓa yi wa kowa gurnani ba, tana iya cizon yaron da ya miƙa hannu ga 'ya'yanta, musamman a makonni biyu zuwa uku na farko. Wurin haihuwa ya zama inda yara ba sa shiga su kaɗai. Tsutsar cikin kwiyakwiyai, wadda suke samu tun a mahaifa da kuma ta nono, tana zuba ƙwai a ƙasa, yaron da ya haɗiye su tana iya taɓa masa hanta ko ido, don haka a kwashe kashi kullum a wanke hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kashi 40 bisa ɗari kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kowane ɗan kwikwiyo da aka bayar ba rigakafi, ko aka saki don an rasa mai karɓa, ƙari ne a kan wannan haɗari. Tiyata ba ta maye gurbin rigakafi, kowace hanya aka bi dole a yi shi a kuma sabunta a kan lokaci. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a je asibiti a ranar ko da raunin ƙarami ne, a kuma killace karen a sa masa ido kwana goma.